Ƙwayar kansa mai sentirosom fiye da biyu, me ya sa ba ta mutuwa wajen rabuwa?

Ɗalibar Idi-Araba:
Assalamu alaikum malamai. Lafiyayyar ƙwayar jiki tana shiga rabuwa da sentirosom biyu, ɗaya a kowane gefe, su ja kuromosom 46, wato ƙunshin DNA, zuwa kowace 'ya. A kansar mama da ta bakin mahaifa kuwa ana ganin uku, huɗu, har fiye. To in ƙwaya ta tsage gida uku ai 'ya'yanta ba za su rayu ba. Ta yaya ciwon ke ci gaba da girma? Kuma akwai maganin da ke kai hari nan a asibitocinmu na Legas?

Malamin Yaba:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Theodor Boveri, masanin halittu ɗan Jamus, ya kawo wannan zance tun 1914, sai dai ba a gane yadda abin ke aiki ba sai shekarun baya-bayan nan.

Sentirosom sentiriyol biyu ne, wato ƙananan bututu biyu, da tarin furotin a kewayensu. Sau ɗaya tak ake kwafarsa, a lokacin da ƙwaya ke kwafar DNA. Mai ba da izinin kwafar shi ne wani furotin mai suna PLK4. Furotin CEP152 da CEP192 ke kawo shi gindin tsohon sentiriyol, shi kuma ya kira furotin STIL da SAS-6 su kafa tushe mai ɓangare tara. PLK4 ɗin ne ke sa a lalata shi da zarar ya gama aiki. Idan ya yi yawa, tsohon sentiriyol ɗaya sai ya haifi 'ya'ya da yawa a lokaci guda. Wata hanyar kuma, ƙwaya ta kwafi komai amma ta kasa tsagewa, ta zauna da ninki biyu. Lafiyayyar ƙwaya furotin p53, mai gadin ƙwaya, ke tsayar da ita a nan, amma kansa da yawa sun riga sun rasa shi.

Amsar tambayarki tana wurin furotin KIFC1, wanda ake kuma kira HSET. Ɗauki sentirosom kamar turke, maikurotubul kuma igiyoyin da ke ɗaure da shi. KIFC1 yana jan igiyoyin har turaka huɗu su taru gida biyu, ƙwaya ta rabu biyu kamar lafiya lau. Amma kafin su taru, wani kuromosom ya riga ya ɗauru ta gefe biyu a wuri ɗaya, sai ya maƙale a tsakiya ko ya bi 'yar da ba tasa ba. Kuskuren bai kai ya kashe ƙwayar ba, amma yana sauya lissafin kuromosom a kai a kai, kuma daga nan ake samun ƙwayoyin da ke jure magani.

Likitar Kansa, Surulere:
Malam ya yi bayani. A ɓangaren magani, abin da ke hannunmu shi ne paclitaxel: miligiram 175 kan kowace murabba'in mita ta jiki duk mako uku, ko 80 duk mako. Yana ƙanƙame maikurotubul. An daɗe ana cewa tsayar da rabuwa kawai yake yi, sai binciken 2014 a kan masu kansar mama ya nuna adadin da ke isa cikin ƙari yana sa ƙwaya ta rabu gida da yawa ne, ta mutu. Illarsa tana jijiyoyi, domin su ma da maikurotubul suke aiki. Mara lafiya ta ce tafin ƙafarta ya mutu ko tana jin tsira-tsira a yatsu, a gaya wa likita da wuri don a rage adadi.

Masu kai hari kan furotin ɗin kai tsaye, irin CFI-400945 na PLK4 da alisertib na Aurora A, suna matakin gwaji. Centrinone na 2015, wani sinadari mai hana PLK4 aiki, ya nuna cewa kansa da yawa na iya rabuwa ko ba sentirosom, sai dai masu yawan furotin TRIM37 su ba sa iyawa. Don haka ba kowane mara lafiya zai amfana ba, sai an tantance.

Ina roƙo kada kowa ya sayi griseofulvin, maganin makero, don ya ji yana hana sentirosom taruwa. A kwanon gwaji aka ga haka, ba maganin kansa ba ne.

Kansar bakin mahaifa kuma, furotin E7 na ƙwayar cutar HPV-16 ke yawaita sentiriyol, E6 ya lalata p53. Rigakafin HPV ya fara a Najeriya a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Legas na cikin jihohin farko. A kai yaranmu.

Mai Madubin Gwaji:
In za ki ƙirga sentirosom da kanki, ki daskarar da ƙwayoyin da methanol mai sanyin digiri -20 na minti 10. Kada ki dogara da rina gamma-tubulin, furotin na kewayen sentiriyol, kaɗai, domin furotin na kewaye yana iya farfashewa ya ba ki ɗigo huɗu alhali sentiriyol ba su ƙaru ba. Ki haɗa da centrin ko CP110, furotin na jikin sentiriyol ɗin. Ɗigo huɗu na centrin daidai ne ga ƙwayar da ke shirin rabuwa, fiye da huɗu ne ƙari. Yankan nama mai kaurin maikuron 4 yana raba ƙwaya, lissafi ya fito ƙasa da gaskiya, shi ya sa ake ɗaukar hoto hawa-hawa. Ki kuma raba sinadaran rini a ƙananan kwalabe, saboda ɗaukewar wuta na sa su narke su sake daskarewa, ƙarfinsu ya tafi.

Ɗalibar Idi-Araba:
Na gode malamai, Allah ya ƙara sani. Dakta, ana iya gano yawan TRIM37 daga yankan naman da aka riga aka adana?