In saida gida in koma zaman mota?

Tsohon Mushe:
Assalamu alaikum. Shekara 34 na yi ina riƙe da alli, bara na yi ritaya. Gidana yana unguwar Zariya a nan Maradi, ɗaki biyar da zaure, amma yanzu daga ni sai uwargida, yara kowa ya kama gabansa. Ɗana da ke Faransa ya turo mini bidiyon motar da suke kira camping-car: ga gado a ciki, ga murhun gas, ga makewayi, ga faifan sola bisa rufi. Ya ce in ba ta wuce tan uku da rabi ba, farmi (takardar izinin tuƙi) na ƙaramar mota ya isa. Tsofaffinsu da sanyi ya kama sai su gangara Maroko, wajen Agadir, su yi watanni. Abin ya tsaya mini a rai. Na koya wa yara taswirar Nijar har gashina ya yi fari, amma ban taɓa wuce Damagaram ba. In saida gidan in sayi Hiace a gyara mini ita, ko kuwa?

Direban Yamai:
Mushe, Allah ya ba ka haƙuri, ka taɓa kwana cikin mota a watan Afrilu? Ni na kwana, a Dogon Dutsi, ranar da radiyeta ta fashe. Ƙarfe ya sha rana yini guda, ƙarfe biyun dare jikin kujera kamar tanda. Sai da na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, sauro ya gama da ni. Su can sanyi suke gudu, kuma suna da wuraren tsayawa da ruwa da wuta. Kai ina za ka tsaya ka kwana tsakanin Konni da Dosso? Ga gazuwal, ga taya, ga makaniki. Mota kullum kuɗinta sauka yake, fili a Maradi hawa yake.

Maman Biyu:
Baba, tambaya ɗaya: Hajiya ta yarda? In jika ya zo hutu, ko aka yi haihuwa, ina za a yi suna, cikin Hiace? Kuma gidan nan su yaran suna kallonsa a matsayin gida, ko ba su faɗa ba.

Ɗan Bagalam:
Ni ban ga laifin sha'awar ba. Ka raba gidan, ka sa haya a ɗaki uku, ka haɗa da fansho. Disamba zuwa Fabrairu ka yi yawonka, zafi na shigowa ka dawo zaurenka. Fara da tafkin Madarunfa, kwana biyu, ka ji yadda bayanka zai ce.

Tsohon Mushe:
Na gode. Ƴata, na tambaye ta ɗazu bayan la'asar. Ta ce in tafi lafiya, ita da awakinta suna nan. Ɗan Bagalam, wa ka sani mai ba da hayar Hiace ta kwana biyu?