Ɗana ya harbi gadarsa ta farko, amma ya ƙi cin naman

Manomin Lagdo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da masana a kan wani al'amari da ya raba kan mutanen gidana. Mu gidan maharba ne tun kaka da kakanni, sai dai ni noma ne sana'ata, ina noman masara da auduga a wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Lagdo a arewacin Kamaru, kuma ba na saɓa kwari da baka sai bayan an kawar da amfanin gona. Babban ɗana shekararsa 13, ya daɗe yana bina daji yana riƙe mini gorar ruwa, amma sai bana na yarda ya ja baka a kan dabba.

A makon jiya, bayan sallar asuba, muka laɓe a gefen wata gonar wake da aka riga aka girbe, inda na saba ganin sawun gada. Da gari ya fara wayewa sai ga ta ta fito daga cikin sabara, namiji ne, ƙahonsa bai wuce tsawon yatsa ba. Yaron ya yi bisimilla ya saki kibiya, ta shiga bayan kafaɗa. Gadar ta yi tsalle ta faɗa cikin ciyawa, muka bi jini har muka same ta kwance tana kuka tana shure-shure. Na miƙa masa wuƙa, sai na ga hannunsa yana rawa, don haka ni na yanka ta.

Da muka isa gida ƙannena suka yi ta yi masa kirari, ɗayansu ma ya yi masa alkawarin bindigar adaka. Shi kuwa yaron ko yanka ɗaya na naman bai ci ba, ya ce kukan gadar bai fita daga kunnensa ba. Mahaifiyarsa ta ce a bar shi ya fuskanci makaranta, ƙanena kuma ya ce wannan alamar ragwanta ce, in ba a mayar da shi daji cikin kwanakin nan ba, ba zai ƙara taɓa baka ba har abada. Shin me ya kamata in yi? Sannan wani maƙwabcina ya jefa mini shakku cewa abin da yaron da bai balaga ba ya harba ba ya halatta.

Tsohon maharbi daga Poli ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko barka da arziki, domin kibiyar da ta shiga bayan kafaɗa ba ta yaron da aka yi wa horon wasa ba ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ka gaya wa ƙanenka cewa bai fahimci abin da ya gani ba. Yaron da nake tsoro shi ne wanda zai ga dabba tana shure-shure ya yi dariya, domin irinsa ne idan ya girma yake harbin duk abin da ya motsa, ya kashe mai ciki, ya kashe mai goyo, wata rana kuma ya harbi abokin tafiyarsa a cikin duhuwa saboda gaggawa. Kukan gada kuwa abu ne da yake taɓa manya ma, don yana kama da kukan ɗan akuya, kuma wanda bai taɓa jin sa daga kusa ba dole jikinsa ya yi sanyi. Kada ka tsananta masa a kan naman, kada kuma ka bari a riƙa tsokanarsa a gaban ƙannensa.

Shawarata ita ce ka ci gaba da fita da shi, amma ka bar bakan a gida har sai shi da bakinsa ya nema. Harbi shi ne mafi ƙanƙantar abin da maharbi yake koya. Ka sa shi ya durƙusa a kan sawu ya gaya maka na gada ne ko na batsiya ko na mazo, na daren jiya ne ko na shekaranjiya, tafiya take yi ko gudu. Sabon sawu bakinsa yana da kaifi, wanda ya kwana kuwa za ka ga raɓa ta dauje shi, ko tururuwa ta ratsa ta cikinsa. Ka koya masa ya ɗebi ƙura da yatsu ya sake ta don ya san inda iska ta nufa, domin dabba takan ji warin mutum tun kafin ta gan shi. Ka nuna masa cewa tamatar gada yawanci ba ta da ƙaho, kuma takan ɓoye ɗanta a cikin ciyawa ta tafi kiwo ita kaɗai, saboda haka ganinta ita ɗaya ba ya nufin ba ta da goyo. A gidanmu ba a ɗaga baka a kan tamata, kuma da zarar ruwan farko ya sauka ake rataye kwari sai wata kakar.

Abu ɗaya da zan ce ka gyara nan gaba shi ne rabon naman. Mu idan yaro ya yi kisan farko, shi ake ɗora wa ƙwarya ya kai cinya gidan wanda ya girmi kowa a dangi, ya kai wa maƙwabta nasu kason, ya tsaya a yi masa addu'a. Idan ya ga tsohuwar da ta daɗe ba ta sa nama a miya ba tana sa masa albarka, zai gane dalilin da ya sa aka zubar da jinin, kuma wannan ya fi kirari amfani a gare shi. Maganar adaka kuwa a ajiye ta. Na ga babban mutum da bututunta ya fashe a hannunsa ya rasa yatsu, balle yaro.

Malamin zaure daga Marwa ya amsa:

Malam, a kan maganar halacci, maƙwabcinka bai yi daidai ba. A mazhabar Malikiyya ba balaga ce sharaɗi ba, sharaɗin shi ne mai harbin ya kasance Musulmi mai wayo, wato wanda ya san abin da yake yi kuma ya yi niyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil, kuma ɗan shekara 13 ya cika wannan. Bugu da ƙari, a labarin da ka bayar kun riski dabbar da ranta kuma ka yanka ta, to ai babu sauran wurin shakka. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa dabbar da aka riska da rai kafin makami ya huda makasarta ba a cin ta sai da yanka, kuma wanda ya manta bisimilla ana cin abin da ya yanka ko ya farauto, amma wanda ya bar ta da gangan ba a ci.

Akwai wani hukunci da ya kamata a koya wa yaran da suke fita da kere da sanda, domin nan ne aka fi yin kuskure. A hadisin Adiyyu bin Hatim da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta tsakanin abin da makami ya huda da tsininsa, wanda ake ci, da abin da ya buge da faɗinsa ya mutu, wanda ba a ci. Saboda haka zomon da aka jefa da kere ya mutu kafin a yanka shi mushe ne. Risala kuma ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba ita ce ta halatta, kuma ina ganin nauyin da ɗanka ya ji a zuciyarsa ya fi kusa da wannan hukunci fiye da kirarin baffanninsa.

Tsohon ma'aikacin gandun daji daga Garwa ya amsa:

Ina girmama maganar Baba na Poli, amma akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma shi ne wanda zai iya kai uba da ɗa gaban jandarma. Dajin da kakanninmu suka yi farauta a cikinsa ba shi ne na yau ba. A wannan jiha tamu ta Arewa akwai manyan gandun daji uku, na Binuwai da na Buba Njida, waɗanda aka mayar da su gandun ƙasa a 1968, da na Faro a 1980, kuma a kewaye da su akwai yankunan farauta da gwamnati take bayarwa haya ga masu kawo baƙi daga ƙasashen waje. Wanda yake zaune a wajen Lagdo ba ya nesa da waɗannan iyakoki, kuma ba ko'ina ne aka kafa alama ba. Mutum yana bin jinin dabbar da ya harba a bayan gonarsa sai ya tsinci kansa a inda riƙe baka kaɗai laifi ne.

Dokar gandun daji da namun daji ta 1994 ta kasa dabbobi gida uku. Rukunin A an hana taɓa su, kamar raƙumin dawa. Rukunin B sai da lasisi. Rukunin C kuma shi ne aka sassauta. Ta yarda da farautar gargajiya a wajen gandun gwamnati, amma dokar zartarwa ta 1995 ta fassara ta da cewa ita ce wadda ake yi da kayan da aka haɗa daga itace da tsirrai, a kan ƙananan dabbobi, kuma naman na ci ne a gida, ba na sayarwa ba. Ka ga ke nan kibiya mai bakin ƙarfe ma abu ne da ma'aikaci zai iya yi maka gardama a kai, balle adaka, wadda take buƙatar takardar izinin riƙe makami, kuma ba a ba yaro wannan takarda. Haka nan an hana farautar dare da fitila, da cinna wa daji wuta don a koro nama, da sa guba. A 2024 an yi sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1994, saboda haka kafin ku sake fita ka je ofishin ma'aikatar gandun daji da ke kusa da kai, a nuna maka iyakar yankinku da jerin dabbobin da ake aiki da shi yanzu, kuma ka tafi da yaron ya ji da kunnensa.

Na san mutanenmu suna jin haushin cewa Bature yana biyan kuɗi ya harbi gwanki ko ɓauna, ɗan ƙasa kuwa a kama shi a kan gada, kuma ban ce haushin ba shi da tushe ba. Amma mu da muka yi aikin nan mun ga yadda nama yake ƙarewa. Baƙin karkandan yammacin Afirka a dazukanmu na nan ya yi zamansa na ƙarshe, an neme shi a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ya ƙare a duniya. A farkon 2012 kuma mahara a kan dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida. Idan yaron yana da ido a kan sawu, akwai makarantar koyon kula da namun daji a nan Garwa tun 1970, wadda ɗalibai suke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama, kuma wanda ya taso a gidan maharba yana shiga wannan aiki da ilimin da sauran suke shan wuya kafin su samu. Sai dai ba a shiga sai da takardun makaranta, kuma a nan maganar mahaifiyarsa take da ƙarfi.

Uwar yara daga Njamena ta amsa:

Yaya, duk waɗanda suka amsa maza ne, kuma babu wanda ya ce a tambayi yaron. Ɗan shekara 13 ba jariri ba ne. Ka kira shi ku zauna ku biyu, ba a gaban baffanninsa ba, ka tambaye shi ko yana son komawa, ka kuma tabbatar masa cewa idan ya ce a'a ba zai rage daraja a idonka ba, domin yara da yawa suna bin sana'ar uba ne don tsoron a kira su ragwaye. Mahaifiyarsa ma kada a ɗauki maganarta a matsayin tsoron mata kawai. Kowa ya san yadda satar mutane don neman kuɗin fansa ta addabi ƙauyukan iyakar Kamaru da Cadi, kuma ita ce take zaune da fargaba tun daga lokacin da kuka fita da asuba har ku dawo. Idan ya ce zai koma, a tsayar masa da ranakun da babu makaranta, a kusa da gonakin gari, kuma a gaya mata wajen da aka nufa da lokacin da za a dawo.