Wai dogon zango ya gyara Kannywood ko ya ɓata ta?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ce, ina ɗinki ina kallo a waya. Tun da Arewa24 ta fara Daɗin Kowa nake bibiyar masu dogon zango, amma wallahi na fara gajiya. Minti arba'in ana zaune a falo ana surutu, labari bai motsa ba, ga data tana ƙonewa. Ni kaɗai ce nake kewar fim mai kashi ɗaya da na biyu?

Ɗan Fagge: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ai kasuwar faifai ce ta mutu, masu satar fasaha suka ƙarasa ta. Yanzu YouTube da tallace-tallace ke ciyar da furodusa, dole ya ja labari. Yara da yawa sun samu abin yi ta nan.

Bazazzagiya: Yaya, ni canza jarumi ne ke min ciwo. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, na daɗe ban saba ba, duk da ta yi ƙoƙari.

Uwar Biyu: Malam, na ji batun abinci. Amma marubuci ya san ƙarshen labarinsa kafin a ɗora kyamara mana.