Me lambobin 18-55mm da ke jikin madubin kyamara suke nufi?

Ɗan Wunti, Bauchi:
Assalamu alaikum. Na sayi kyamarar Nikon ta hannu, madubinta yana ɗauke da rubutun 18-55mm. Ranar hawan sallah na tsaya nesa da ƙofar fadar Sarki, na murɗa madubin har ƙarshe, amma dawakan suka fito ƙanana kamar tururuwa. Ina da niyyar zuwa Yankari, don haka nake neman bayani kafin in sake kashe kuɗi.

Mai Hoto, Jekadafari, Gombe:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Lambobin milimita ne, kuma su ne ke nuna faɗin abin da madubi zai kwaso. Idan lamba ta yi ƙasa, kamar 18, fili mai faɗi ne zai shiga hoto, wanda ya dace da taron biki a cikin ɗaki. Idan ta yi sama, filin zai tsuke, abin da ke nesa ya cika hoton. Madubin zum shi ne mai lamba biyu, kana yawo a tsakaninsu. Naka ya tsaya a 55, saboda haka ba lalacewa ya yi ba, iyakar ƙarfinsa ke nan. Giwayen Yankari kuwa ba a matsa musu kusa, sai ka nemi 70-300mm.

Malamar Zane, Yelwa:
Ina ƙara jan hankalinka kan abu ɗaya, Malam. Kada ɗan kasuwa ya ruɗe ka da cewa madubi yana jawowa ninki kaza, domin wannan lissafin raba babbar lamba da ƙarama ne kawai. Naka ninki uku ne, 70-300 ninki huɗu da ɗoriya, amma tazarar da ke tsakaninsu wajen hango nesa ba kaɗan ba ce. Haka nan ƙananan kyamarorin Nikon masu alamar DX suna ƙara tsuke fili da ninki 1.5, wato 300 tana aiki kamar 450 a manyan kyamarori.

Mai Hoto:
Gaskiya ne, Malama. Sai dai a 300 ƙaramar rawar hannu ma tana ɓata hoto, don haka Ɗan Wunti ya sa saurin ɗaukar hoto ya kai 1/500 na daƙiƙa, ko ya jingina gwiwar hannunsa a tagar mota. Kuma kada ya ɗauki fuskar amarya kusa-kusa a 18, hanci zai fito ƙato. Ya ja da baya, ya koma 55.