Babban yatsana ya gaji, wane fifet zan saya?

Ɗalibar Rayfield:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a nan Jos, ina bincike kan dankalin Turawa, irin da ke jure cutar da ke ƙona ganye da damina. Ganye 180 na tsinko daga gonakin Bokkos, kowanne sai na ciro DNA ɗinsa (ƙwayar halittar gado) da sinadarin CTAB kafin PCR, wato aikin ninka DNA don a bincika shi. Wata biyu ke nan ina fama da tsohon fifet ɗin lab ɗinmu (abin zuƙar ɗan ruwa daidai awo), maɓallin cire tif ɗinsa, wato bakin robar da ake sauyawa, sai ka sa ƙarfi. Yanzu gindin babban yatsana zogi yake da dare, jiya ko tuwo na kasa tuƙawa. Na samu ɗan tallafi, zan sayi nawa. Na hannu ko mai batir?

Tsohon Ma'aikacin Lab, Gwagwalada:
Wa alaikumussalam. Sannu 'yata, Allah Ya sawwaƙe. Shekara 19 ina wannan aiki, kuma abin da ke cin yatsa ba zuƙar ruwan ba ne, cusa tif da cire shi ne. Farantin PCR ɗaya ramuka 96 ne, ki lissafa sau nawa kike dannawa. Ki nemi mai baki 8, zubi 12 kin cika faranti. Sai dai shi ma in tif bai dace da shi ba, ya fi mai baki ɗaya wahalar cirewa. Fifet samfurin Rainin LTS ya fi duk wanda na riƙe laushi, amma tif ɗinsa na musamman ne. Mun taɓa zama wata guda babu aiki muna jiran oda daga Legas. Ni Eppendorf Research plus nake ba ɗalibai shawara, ba shi da nauyi, tif ɗinsa kuma ba ya wuyar samu. Kada ki biya kuɗi sai kin riƙe shi da safar hannu kin danna sau 20.

Mai Binciken Acca:
Yaya, mai batir yana hutar da yatsa sosai wajen rabon hadin PCR, amma kuɗinsa zai saya miki na hannu biyu ko uku, ga caji da halin wutarmu. Ki fara da na mikrolita 10, 200 da 1000.

Tsohon Ma'aikacin Lab, Gwagwalada:
Na manta. Tunda CTAB kike yi, kulorofom, sinadarin da ake amfani da shi a wannan aikin, zai riƙa ɗiga daga tif saboda tururinsa. Ki zuƙa ki mayar sau biyu ko uku kafin ki ɗiba, kuma kada ki kwantar da fifet da ruwa a ciki. In sabon ya iso, ki gwada shi a sikeli: mikrolita 1000 na tataccen ruwa ya ba ki kusan giram 1. Ki ɗaga kujera har gwiwar hannunki ta tsaya kusa da jiki, duk minti 20 ki ajiye ki miƙe yatsu. Zogin nan kuwa ki kai shi asibiti, kada ki bari ya kai wuyan hannu.

Ɗalibar Rayfield:
Na gode Baba, Allah Ya saka da alheri. Ashe ɗigar kulorofom ba laifin fifet ba ne, da har na yanke masa hukunci. Akwai wata malama a sashenmu mai Eppendorf, gobe zan roƙe ta in gwada a hannuna. Asibiti kuma sai Litinin in sha Allahu.