Wai hankali da shekaru yake zuwa ko koyonsa ake?

Ɗan Kwari:
Salam 'yan uwa. Dan Allah ku taimaka min. A kasuwa in rigima ta haɗa abokaina ni ake kira sulhu kuma wlh ana jin daɗin shawarata, amma tunda maganar rabon gidan gadonmu na Gwammaja ta taso tsakanina da yayana kaina ya kulle, ko zama muka yi sai zuciya. Sai na tsufa ne abin zai zo ko akwai yadda ake yi?

'Yar BUK:
Wa alaikumus salam Yaya. Ba kai kaɗai ba ne fa. Igor Grossmann na jami'ar Waterloo a Kanada da Ethan Kross na Michigan sun gwada wannan a 2014, suka ga mutum ya fi tunani mai kyau a kan matsalar abokinsa fiye da tasa. Abin da suke aunawa shi ne ko ka yarda ba komai ka sani ba, ko kana duba ta ɓangaren ɗayan, ko kana neman a daidaita. Da aka ce mutane su kalli matsalarsu kamar ta wani ce, su riƙa kiran kansu da suna, sai bambancin ya ɓace.

Baffa Na Kofar Mata:
'Yata ba na musu da bokonku, amma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya je ya sami kawunsu kawai.

'Yar BUK:
Gaskiyarka Baba, a 2010 ma an samu dattawa a Amurka sun fi matasa tunani mai kyau a kan rikicin jama'a. Sai dai a wancan na 2014 'yan shekara 60 zuwa 80 su ma in abin ya zo kansu tuntuɓe suke kamar 'yan 20 zuwa 40. Kuma zuwa wajen kawun nan bincike na goyon bayansa, a Berlin masana Staudinger da Baltes sun nuna a 1996 cewa tattaunawa da wanda ka yarda da shi, sannan ka zauna ka yi nazari kai kaɗai, tana gyara tunani sosai.

Ɗan Kwari:
To kiran kai da sunan ya ake yinsa? Kar iyali su ɗauka na taɓu.

'Yar BUK:
A takarda za ka yi Yaya, da daddare ka rubuta abin da ya faru kamar labarin wani, “Wane ya ji haushi da yayansa ya ce kaza, shi yayan me yake tsoro?” Wata guda aka sa mutane suka yi haka a wani bincike na 2021.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙanwata, Allah Ya ƙara basira. Baffa ran Juma'a insha Allah zan je wajen kawu.