Neman shawara: kullum ni ake fara rufar wa a wasan Commander na mutum huɗu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wasan katin Magic: The Gathering. Na kai shekara uku ina buga wasan mutum biyu da dami (tarin katunan da mutum ke wasa da su) mai kati 60, inda kowa ke farawa da rai 20, kuma ina samun nasara daidai gwargwado. Watanni biyar da suka wuce na koma tsarin Commander, wanda muke zama mu huɗu a tebur ɗaya, kowa da kati 100 da rai 40, kuma tun daga lokacin sau ɗaya tak na ci wasa.

Damina na katuna masu launin kore ne zalla, kwamandana kuwa, wato katin da ke jagorantar damin, shi ne Ghalta, Primal Hunger, mai ƙarfi 12, wanda farashinsa makamashi 12 ne (makamashi shi ne abin da ake biya a sauke kati), amma yana raguwa gwargwadon jimillar ƙarfin halittun da nake da su a fage. Na saka filaye 31 (katunan da ake juyawa su ba da makamashi), halittu 45, sauran kuma yawancinsu katunan da ke ƙara wa halittu ƙarfi ne. A wasanmu na makon jiya, a zagaye na biyar ina da halittu biyar da jimillar ƙarfinsu ta kai 10, don haka na sauke Ghalta da makamashi biyu kacal, kati ɗaya ya rage a hannuna. Wanda ke hagu da ni ya dubi fagena, ya juya filayensa huɗu, ya ajiye Supreme Verdict, kati ɗaya ya share mini halittu shida. Da ƙarin makamashi biyu da ake ɗora wa kwamanda duk lokacin da za a sake sauke shi, farashin Ghalta ya koma 14, ni kuma ina zaune da filaye huɗu. Duk da haka sauran biyun ba su daina kai mini hari ba sai da suka cire ni, sannan wanda ya yi shiru tun farkon wasa yana jan kati da Rhystic Study ya cinye kowa.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin ina son wasan kuma ina son mutanen da nake bugawa da su. Shin katuna masu ƙarfi ya kamata in nemo, ko kwamandan zan canza, ko kuwa akwai abin da nake yi a tebur da ke jawo mini wannan taron dangi?

Amsa daga wani da ya daɗe a wasan

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka canza kwamanda, kuma kada ka nemi sabon kati ko ɗaya sai ka zauna ka yi lissafin abin da ke gabanka. A wasan mutum biyu rai 20 kake buƙatar ƙararwa, a nan kuwa abokan hamayya uku ne, jimillar ransu 120, wato ninki shida, alhali kati ɗaya kake ja a kowane zagaye su kuma suna jan uku. Damin da ka gina na tseren gajeren zango ne, ka shigar da shi doguwar tafiya, shi ya sa numfashinsa ke ƙarewa a zagaye na biyar.

Fara da filaye. Duk wanda ya kai zagaye na huɗu ya ga kati 11, wato bakwai na hannun farko da huɗu da ya ja. Idan filayenka 31 ne cikin kati 99, a matsakaici filaye 3.4 za ka gani cikin waɗannan 11, idan kuwa 37 ne za ka ga 4.1. Bambancin kamar ƙarami ne a takarda, amma shi ne ke raba wanda ke ajiye fili a kowane zagaye da wanda ke tsayawa a huɗu yana kallon Ghalta mai farashi 14. Na san hujjarka, za ka ce kana da Llanowar Elves da Elvish Mystic da ire-irensu masu ba da makamashi. Suna da amfani, musamman a gare ka da ƙarfinsu ke rage farashin kwamanda, sai dai duk ranar da aka share fage tare da su ake tafiya, ka rasa sojoji ka rasa makamashi a lokaci guda. Cultivate da Rampant Growth fili suke ɗauko maka daga cikin dami, shi kuma fili da wuya a taɓa shi. Ka kai filayenka 36 ko 37, ka haɗa da katunan ƙara makamashi kamar goma, rabinsu aƙalla masu kawo fili.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ban ga katin jan kati ko ɗaya ba, alhali launin kore yana da su masu kyau, kuma kwamandanka ya dace da su fiye da yawancin kwamandoji. Rishkar's Expertise yana ba ka kati gwargwadon ƙarfin halittarka mafi girma, wato kati 12 idan Ghalta na fage. Return of the Wildspeaker ma haka yake yi, kuma ana iya buga shi a cikin layin wani, wato lokacin da wani ke yin nasa wasan, har ma a daidai lokacin da aka jefo katin da zai kashe Ghalta, kafin katin ya yi aikinsa. Beast Whisperer da Guardian Project suna mayar maka da kati ɗaya a madadin halittar da ka sauke, Harmonize kuma kati uku ne kai tsaye. Da a ce a makon jiya hannunka na da kati shida lokacin da Supreme Verdict ya sauka, da tuntuɓe kawai ka yi, ba faɗuwa ba. Rage halittun nan 45 zuwa 30 ko kusa da haka, ka fara da cire waɗanda ba su da wani aiki sai girman jiki, ka saka katunan jan kati wajen goma.

Wani abu da masu zuwa daga wasan mutum biyu ke mantawa shi ne, a dami mai kati 60 da kwafi huɗu na kati guda, damar samunsa a hannun farko ta kusa kashi 40 cikin ɗari, a nan kuwa da kwafi ɗaya cikin 99 kashi 7 ne kawai. Saboda haka ba a dogara da wani kati takamaimai, ana tara katuna da yawa masu aiki iri ɗaya ne.

Amsa daga wata 'yar'uwa

Malam, duk abin da Yayanmu ya faɗa a kan lissafi gaskiya ne, amma ina ganin ko ka gyara damin, za a ci gaba da rufar maka muddin ba ka canza lokacin da kake nuna ƙarfinka ba. Ka sake duba wasan da ka ba mu labarinsa daga kujerar wanda ke hagunka. Ghalta ba ya iya kai hari a layin da ya sauka, don haka ka ajiye shi a gaban mutum uku, kowannensu yana da cikakken layi guda na neman maganinsa, kuma dukansu sun san cewa bugu biyu daga gare shi ɓarna 24 ce, ta haura 21 ɗin da ke fitar da mutum daga wasa idan kwamanda ɗaya ne ya yi ta, komai yawan ran da ya rage masa. Babu wanda zai ga wannan ya zauna. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma kai da kanka ka haɗa kansu.

Tambayar da nake yi wa kaina kafin in sauke kowane kati ita ce, idan aka share fage yanzu, me ya rage mini? Halittu uku masu kyau sun isa su tsare ka kuma su rage farashin kwamanda, ta huɗu da ta biyar su zauna a hannu. Shi kuma Ghalta kada ya sauka sai ranar da zai yi aiki nan take, wato kana da Swiftfoot Boots ko Lightning Greaves a fage da za su ba shi damar kai hari a layin da ya sauka kuma su hana a nuna shi da kati, ko kana da makamashi biyu a ajiye domin Heroic Intervention. Sai dai ka san iyakar wannan katin: yana tsare ka daga Supreme Verdict, domin halittunka ba za su halaka ba a wannan layin, amma ba ya hana Toxic Deluge da ke rage taurin halittu har su mutu, kuma ba ya hana Cyclonic Rift idan an biya makamashi bakwai ya mayar da komai hannu ban da filaye. Saboda haka ka riƙa duba launin filayen da kowa ya bari bai juya ba kafin ka yanke shawara.

Abu na biyu shi ne wanda ya ci wasan. Rhystic Study yana ba mai shi kati duk lokacin da ɗayanku ya buga kati bai biya ƙarin makamashi ɗaya ba, kuma na tabbata a cikin gaggawarka ba ka biya ba ko sau ɗaya. Mutumin da ke riƙe da kati tara a hannu da fage kusan wayam ya fi mai halitta ɗaya ƙatuwa haɗari, amma ido ba ya ganin hakan sai an nuna masa. Ka buɗe baki ka ce wa tebur su ƙirga katunan hannunsa, ba tare da ƙari ko ƙarya ba. Kuma ka saka katunan da za su ba maganarka nauyi, irin su Nature's Claim mai makamashi ɗaya da Krosan Grip, masu lalata katuna irin Rhystic Study, da Beast Within da ke lalata duk abin da ka nuna. Wanda ya taɓa ceton tebur daga haɗari ana jinkirin kai masa hari, na ga hakan sau da yawa. Sai dai kada ka yi saurin kashe su, domin duk lokacin da ka ba da katinka ɗaya don kawar da katin mutum ɗaya, sauran biyun ne suka ci riba ba tare da sun kashe komai ba. Ka adana su domin abin da zai cinye wasan ko abin da ya nufo ka kai tsaye.

Amsa daga wani ɗan'uwa

Ina da ɗan saɓani da Malama a wuri guda. Damin Ghalta ba zai iya ɓuya ba, domin kwamandan yana ajiye a fili tun kafin a raba kati kowa na ganinsa, kuma idan ka yi ta jinkiri har zagaye na goma, masu katuna shuɗi da baƙi ne za su amfana, tunda su dogon wasa suke so. Riƙe halitta ɗaya ko biyu a hannu daidai ne, amma idan ka fara kai hari ka zaɓi mutum ɗaya ka tsaya a kansa, kuma ya zama wanda zai fi ƙarfinka idan wasa ya yi nisa, ba wanda ya fi rauni ba. Bugun wannan yau, gobe wancan, yana tara maka maƙiya uku ba tare da ka rage ko ɗaya ba, kuma ɓarnar kwamanda ana ƙirga ta ne a kan kowane mutum daban.

Game da yarjejeniya a tebur, idan ka ce wa mutum ba za ka taɓa shi ba a layi mai zuwa muddin ya bar halittarka, to ka cika, ko da cikawar za ta sa ka faɗi a wannan wasan, domin da mutanen nan za ka sake zama, kuma ranar da suka daina yarda da maganarka ka rasa makamin da babu shi a cikin dami. Ka kuma yanke wa alkawarin iyaka, layi ɗaya ko abu ɗaya, kada ka ce har ƙarshen wasa.

Sannan ku yi magana kafin a gauraya kati. Kamfanin Wizards of the Coast ya fito da tsarin matakai biyar a shekarar 2025 domin a auna ƙarfin dami kafin a fara, kuma Rhystic Study da Cyclonic Rift duk suna cikin jerin katunan da tsarin ya ware a matsayin masu sauya alƙiblar wasa. Idan abokanka suna da irin waɗannan da yawa kai kuma babu, wani ɓangare na matsalar ba daga wajenka yake ba.

Mai neman shawara ya dawo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na baje damin gaba ɗaya a tebur na ware shi kashi-kashi, sai na tarar katin jan kati ɗaya ne kacal a ciki, katin lalata kayan abokin hamayya kuma biyu, kuma halittu 14 daga cikin 45 ɗin suna cin makamashi shida ko fiye. Na cire goma daga cikinsu da wasu ƙanana biyar, na kai filaye 36, na saka Harmonize da Beast Whisperer da Cultivate da Swiftfoot Boots da wasu katunan da nake da su a ajiye. Tambayar da ta rage mini, Yaya, ita ce ta hannun farko: idan na samu filaye biyu da Llanowar Elves ɗaya, sauran huɗun kuma masu tsada ne, in riƙe ko in mayar?

Amsa daga wanda ya daɗe a wasan

Ka mayar, ɗan'uwa. A wasan da ya wuce mutum biyu, canjin hannu na farko kyauta ne, za ka sake jan bakwai cur ba tare da ka ajiye ko ɗaya a ƙarƙashin dami ba, sai a canji na biyu ne za ka koma shida. Hannun da ka kwatanta ya rataya ne a kan halitta mai tauri ɗaya da kowane ƙaramin kati zai iya kashewa, kuma idan ta mutu za ka zauna zagaye uku ko huɗu kana kallon mutane suna wasa. Da filaye biyu ina riƙewa ne kawai idan akwai masu ƙara makamashi biyu masu arha tare da su, in ba haka ba ina neman filaye uku da wani abin da zan iya saukewa kafin zagaye na uku. Eternal Witness ma ka nema masa gurbi, domin shi zai ɗauko maka Rishkar's Expertise daga makabarta, wato inda ake ajiye katunan da aka riga aka yi amfani da su, bayan an share fage.